Shekara Tara da Kunya ta Cinye wa Inna

Yatsun ƙafar mahaifiyata takwas ne yanzu. Tana raye, alhamdu lillahi, tana taka ƙafarta, har ta koma faɗa da masu kawo mata gawayi kamar da. Na gode wa Allah, na gode wa mutane biyu ko uku da zan ambata. Amma yatsun nan biyu ba ciwo kaɗai ya ci su ba, kuma ba zan rufe bakina in ce ƙaddara ce kawai don a ce ina da haƙuri ba. Ina rubuta wannan ne don wanda yake da tsoho a gida ya tashi yau ya duba katin ɗan ƙasa na tsohon.

Sunana Rakiya, tela ce ni, ina ɗinki a gida a nan Tudun Wada, layi uku tsakanina da gidan Inna. Shekarata hamsin da biyu, kuma ni ce 'yar farinta. Duk wanda ya san matan zamanin da, ya san abin da wannan ke nufi. Ana yaye ni aka kai ni Tudun Jukun wurin Goggo, ƙanwar babana, can na tashi, ita ta sa ni makaranta, ita ta aurar da ni, Allah ya ji ƙanta. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son ruwa ta ce "Ke". In tana maganata da wani ta ce "waccan ta Tudun Jukun", alhali na fi shekara ashirin da biyar da barin Tudun Jukun. Bayana ta yi ɓari, ta kuma binne yara biyu, sai bayan shekara tara ta samu ƙanena Sani, wanda ke sayar da kayan babur a Kwangila. Shi kam sunansa ba ya barin bakinta ko da tana barci.

Ciwon ya daɗe yana sallama ba mu amsa ba. Inna waina take soyawa a ƙofar gida kusan shekara arba'in. Wajen wata shida kafin abin ya fito fili, sai ta riƙa ajiye kofin ruwa kusa da tanda tana sha kamar raƙumi, ga buta ba ta hutawa. Zanenta ya fara yi mata yawa. Na yi magana ta ce wa bango zafi ne, wai wasu ba su da aiki sai ƙirga kofin mutane. Ranar da garwashi ya faɗo mata a ƙafar hagu, ba ta ji ba. Wata mai sayen waina ce ta ji ƙaurin silifas ta duba ƙasa. Wuta ta ci robar, ta ci fatar ƙananan yatsunta biyu, Inna tana ta juya waina.

Makon farko maganin unguwa muka yi. Wannan ta ce a shafa man goge baki, waccan ta ce ɗanyen ƙwai, mai kemis ya shafa mata maganin nan mai shuɗi ya ba da ƙwayoyi. A mako na biyu ƙafa ta kumbura, ciwon ya fara ruwa, ya fara wani wari da turaren wuta ba ya rufewa. Sani ya kawo wani mai magani daga Kwangila, mutumin ya duba daga nesa ya ce sammu ta taka. Inna ta ji daɗin wannan bayani ƙwarai, har ta fitar da wadda take zargi, wata mai ƙosai da ke tsallaken titi. Na ce wa mutumin in sammu ne ya gaya mini me ya sa mai sammun ta bar ƙafar dama. Ya tattara ƙullinsa ya ce da Sani yayarsa ba ta da tarbiyya. Gaskiyarsa, a kan wannan ba ni da ita.

A mako na uku na ɗauko mai keke napep da kaina muka kai ta asibitin gwamnati. Mun isa bayan sallar asuba kaɗan, muka tarar mu ne na talatin da wani abu. Layin kati daban, layin awo daban, layin likita daban, kowanne da kuɗinsa da tagarsa. Sai bayan azahar muka shiga. Da aka ɗiga jininta a na'ura, nas ɗin ta duba lambar, ta sake gwadawa, ta kira likita. Likitan ya danna ƙafar da ƙarfi ya tambayi Inna ko ta ji zafi. Ta ce ko kaɗan, tana faɗa da alfahari kamar ta ci jarrabawa.

Ya ce, "Hajiya, ciwon da ba ya zafi shi ya fi ba mu tsoro. Suga ce ta kashe miki jin ƙafar. In aka wanke kullum, aka sha magani, aka yi allura, za mu iya ceton ta. In aka yi wasa, za mu fara yankewa daga ƙasa, kuma ban san inda za mu tsaya ba."

Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji har yau.

Daga nan kullum muna hanya. Wankin ciwo kowace safiya, kuma kai za ka sayo auduga, bandeji, safar hannu da ruwan wanki. Ga ƙwayoyi, ga allurar suga wadda ba ta son zafi, mu kuma wuta sai ta ga dama, don haka a tulu muke ajiye ta cikin jiƙaƙƙen yashi. Nas ɗin da ke wanke mata ciwon Sista Ladi ce, Bahaushiya Kirista 'yar Wusasa, mace mai hannu mai sanyi da baki mai zafi. Ita kaɗai ce ke ce wa Inna ta yi shiru ta yi. Sani ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ci amanarsa ba, amma kasuwa ba ta tafiya kuma yana da yara bakwai. A mako na biyar da fara zuwa asibiti na sayar da keken ɗinkina mai lantarki, wanda nake yin aikin amare da shi, na bar tsohon na ƙafa. Ban gaya wa kowa ba. Na manta a Tudun Wada nake. Kwana biyu ba a yi ba labari ya isa kunnen Inna.

Da na je ɗaukar ta washegari na tarar ta sa an kira Sani. Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafar, ba ta ko yafa mayafi ba. Ina tsaye a gabanta amma Sani take kallo.

"Sani, ka gaya wa waccan ta sallami mai keken. Ni ban haifi 'ya'ya don in cinye su ba. Yau keke, gobe gado, jibi kwanon rufi. Daga yau ba asibiti da kuɗin kowa. In Allah ya ƙaddara ƙafar za ta tafi, ta tafi."

Na ce, "Inna, kekena ne, ni na saya, ni na sayar."

Ta ce, "Sani, ka ji na ce wani abu da ita?"

Mun yi roƙo, mun kawo liman, mun kawo ƙawayenta. Ta yi kunnen uwar shegu da kowa. Kwana uku ba mu je wanki ba. A rana ta huɗu da la'asar sai ga Sista Ladi ta yi sallama, ta taso daga aiki da jakarta, ta bi adireshin da ke katin Inna tana tambaya har ta gano gidan. Ta kwance bandejin, ta yi tsaki, ta wanke da abin da ta zo da shi. Da ta ji dalilin, ba ta yi wa Inna wa'azi ba.

Ta ce, "Mama, kin ce ba za ki ci kuɗin 'ya'yanki ba. To na gwamnati fa? Akwai inshorar lafiya da ake yi wa tsofaffi kyauta, wanda ya kai sittin da biyar. Ba sadaka ba ce, haƙƙinku ne. Ana yi miki rajista, a ba ki kati, ki zaɓi asibitin da za ki riƙa zuwa. Ganin likita, gwaji, wankin nan, da magungunan da ke cikin tsarin, duk ba ki biya."

Inna ta ce, "In na gwamnati ne zan ci, har in lashe kwano. Shekara arba'in suna yanka mini tikiti a kan tandar nan."

Ni kuwa kunya ta kama ni. Mako biyar ina wucewa ta gaban teburin nan na inshora a cikin asibitin, da allonsa da komai, ban taɓa tsayawa na karanta ba, na ɗauka na ma'aikatan gwamnati ne. Kuma a cikin duk tagogin da na miƙa kuɗi, babu wanda ya taɓa ce mini, baiwar Allah, tsohuwar nan ai ta cancanta. Wannan ƙorafin ina nan da shi. Wanda ya ga farar furfura a layin biya ya kamata ya buɗe baki.

Washegari na ɗauki katin ɗan ƙasa na Inna na je teburin. Wani Malam Bello ne a wurin, mutum mai natsuwa, ba ya ɗaga murya. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce hanya biyu ce. Akwai wadda kowa zai iya shiga ya biya kuɗin shekara, a sabunta duk shekara. Akwai kuma ta kyauta ga tsofaffi da marasa ƙarfi, ita wannan gurbi ake warewa kowace mazaɓa, kuma na wannan zagayen za a rufe a ƙarshen wata, saura kwana goma sha shida. Ya karɓi katin ya buga lambar a kwamfuta. Sai na ga ya sake duba katin.

"Hajiya, mahaifiyar taki shekararta sittin da biyu a nan. Saura uku ta kai."

Dariya ce ta fara zo mini. Na ce, "Malam, ni da kake gani hamsin da biyu nake. Tana da shekara goma ta haife ni ke nan?"

Ya ce, "Na yarda da ke, ido ma ya gani. Amma ni abin da ke cikin na'ura nake bi. Kina da takardar da ta nuna ita ce ta haife ki?"

Nan dariyar ta tsaya. A gida aka haife ni. Duk takardun makarantata sunan Goggo ne a wurin uwa. Babana ya rasu, Goggo ta rasu, babu wani babba da ya rage wanda ya girme wa Inna. A duniyar takarda babu abin da ya haɗa ni da matar da ta haife ni.

Malam Bello ya ce gyara shekaru a katin ɗan ƙasa aiki ne mai tsawo, ba zai yiwu cikin kwana sha shida ba, amma a fara shi. Kafin nan za su iya karɓar takardar rantsuwa daga kotu, in aka haɗa da wasiƙar mai unguwa da takardun shekaruna. Sai dai ita Inna da bakinta za ta rantse cewa ni 'yarta ce ta fari, ta faɗi sunana, ta dangwala.

Ina fitowa wani mutum da ke zaune a gindin bishiya da jakar takardu ya biyo ni, ya ce ya ji matsalata, in na kawo wani abu zai sa a gyara shekarun cikin kwana biyu ba sai an wahalar da tsohuwa ba. Na ce masa mutane na ba da cin hanci don a rubuta musu ƙarya, ni ba zan ba da cin hanci don a rubuta mini gaskiya ba. Ya ce to in je gaskiyar ta wanke ƙafar. Na ce za ta wanke, in Allah ya so, shi kuma ya nemi sana'a.

Da na isa gida ban ko cire mayafi ba. Na ce, "Inna, ranar da kika je yin katin nan, me kika gaya musu?"

Ta ce wa ƙofa, "Yaron ya ce yaushe aka haife ni, na ce ban riƙe ba. Ya ce to ɗana na fari shekararsa nawa, zai lissafa daga nan."

"Sai kika ce wa?"

"Na ce Sani."

"Sani ne ɗanki na fari?"

"Ɗakin cike yake da mutane, har da surukan gidan Alhaji na kan kwana. A gabansu zan buɗe baki in ce me? Ni ba 'yar zamani ba ce."

Na san kunyar ɗan fari, a cikinta na tashi, ban taɓa ƙorafi ba. Ranar aurena Inna ba ta fito ba, na ce al'ada ce. Da na haihu ta zo barka ta gai da kowa ban da ni, na ce al'ada ce. Amma ranar nan abin ya yi mini ciwo, ciwon da ban san ina ɗauke da shi ba. An tambaye ta 'ya'yanta a gaban hukuma ta tsallake ni, aka rubuta, aka buga hatimi. Na shiga bayan gida na yi kuka, na wanke fuska, na fito na gaya mata abin da Malam Bello ya ce.

Ta ce, "Kotu? In tsaya gaban maza in rantse a kan wannan? Ƙafar ta ruɓe."

Sani ya ja ni zaure ya ce, "Yaya, ki bar tsohuwar nan da kunyarta. Mu biya na shekarar a ɓoye, mu ce mata na gwamnati ne."

Na ce, "Kekena ma kwana biyu ya yi a ɓoye. In ta gano mun yi mata ƙarya, ko ruwa ba za ta ƙara karɓa a hannunmu ba. Kuma suga ba ta warkewa, Sani. Bana mu biya, baɗi mu biya, alhali tana da haƙƙinta a ajiye? Shekarunta saba'in da ɗaya, ta yi su, ba aro ta yi ba."

Ya ce, "Ke dai so kike ki ji ta faɗi sunanki."

Ni kaina ban tabbata ƙarya yake yi ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. Sista Ladi tana biyowa bayan kwana biyu ko uku tana wankewa da kayanta, ba ta taɓa karɓar ko kuɗin keke ba, Allah ya saka mata da alheri. Amma allura ta ƙare, Inna ta hana a sayo. Ƙaramin yatsan ya fara baƙi daga kan farce, na kusa da shi ya bi. Sista Ladi ta nuna mini a waje da hannunta inda baƙin zai kai nan da mako biyu, ta ja layi a kan idon sawunta. Dangi kuma suka buɗe sabon babi. Wata ta ce a jiƙa kuɓewa a sha ruwan, wani ya ce zuma da habbatus sauda, wata inna daga cikin gari ta ce ni ce nake tayar wa tsohuwa hankali da maganar kotu, 'yar fari ta gari ba ta neman a kira ta. Na ce mata 'yar fari ta gari za ta zuba ido a yanke ƙafar uwarta ke nan. Ba ta sake zuwa ba, kuma ban yi kewarta ba.

Saura kwana biyar a rufe rajista na ga roƙo ba zai yi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a wurinta na gado shi. Da safe na sa aka ɗauko tsohon kekena na ƙafa, wanda Goggo ta saya mini ranar aurena, aka dire shi a tsakar gidan Inna daidai ƙofar ɗakinta. Na kira dillaliya. Matar ta zo ta juya kan keken, ta taka, ta fara kushe shi kamar yadda suke yi.

Inna ta ce, "Sani ba ya nan, wa zai gaya mini abin da ake yi a gidana?"

Na ce, "Ni zan gaya miki, Inna. Kin ce ba za ki ci kuɗina ba. To ki sani, ko kin ci ko ba ki ci ba, sai na sayar. Yau keken nan, gobe gadona, jibi kwanon rufi, yadda kika lissafa. Zan kai kuɗin asibiti in ajiye da sunanki, in kin ga dama ki je, in ba ki ga dama ba su ci. Hanya ɗaya ce za ta hana, ki tashi mu je ki karɓi haƙƙinki."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Dillaliya ta faɗi farashi, na ce na sallama, ta fara kwance bakin zanenta. Inna tana kallon keken, ta san wanda ya saye shi, ta san da shi nake ciyar da gidana. Sai ta juya ta ce wa bango, "A kira mai keke. A miƙo mini mayafina mai ruwan toka." Dillaliya ta ce to cinikin fa, na ba ta kuɗin goro na ba ta haƙuri.

Ofishin rantsuwar ƙaramin ɗaki ne a gefen kotu, da fanka mai ƙara da benci ɗaya. Ni da Sani muka tallafo ta. Magatakardan dattijo ne, ya ji bayani, ya duba takarduna, ya tambayi Inna ko tana da alwala, ta ce da ita ta zo, ya ajiye Alƙur'ani a gabanta.

Ya ce, "Hajiya, wa kika fara haifa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ce wa waccan ta fita tukuna."

Ya ce, "Ba zai yiwu ba, Hajiya, a kanta ake rantsuwar. Sai na ga kin nuna ta."

Na so in ce zan fita. Ban ce ba. Na tsaya inda nake. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen taga. Mun daɗe a haka, har magatakardan ya ajiye alƙalaminsa. Sannan ta ɗaga hannu ta nuna ni ba tare da ta kalle ni ba.

"Ita ce. Rakiya."

Magatakardan ya fara rubutu, ya ce ya isa. Amma Inna ba ta tsaya ba, tana magana da taga.

"Ranar Asabar ce, da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gero ya fara fitar da kai. Ina da sha tara, shekara biyu da aurena. Ta zo da gashi cike da kai, da tabo a bayan kunnen dama. Ba ta yi kuka ba sai da ungozoma ta watsa mata ruwa. Wata ashirin da biyu ta sha nono. Ranar da aka tafi da ita Tudun Jukun tana sanye da 'yar riga ja, ni na ɗinka da hannu. Na bi su a baya har bakin titi, na ce wa mutane gishiri zan sayo."

Babu wanda ya tambaye ta wannan. Na kai hannu bayan kunnena, tabon yana nan, ban taɓa sanin ta san da shi ba. Sani ya fita waje. Magatakardan ya jawo tawada ya kama babban yatsanta ya dangwala mata, ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, Hajiya," muryarsa ta ɗan canja.

Mai unguwa ya ba da wasiƙarsa a ranar. Malam Bello ya shigar da sunanta saura kwana uku a rufe. Amma kada wani ya ɗauka ana yin rajista kati ke fara aiki. Kwana goma sha tara muka jira. A cikinsu Inna ta yarda Sani ya sayi allura kawai, don ta ga abin yana da iyaka. Da katin ya fito sai da muka fara zuwa asibitin da aka rubuta mata, su suka ba da takardar turawa, sannan masu tiyata suka karɓe ta. Likitan nan ya duba ya ce yatsu biyu sun riga sun mutu, sauran ƙafar za ta tsira. Ya ce da an zo mako biyu kafin nan da wataƙila ba a yanke komai ba. Na ƙirga kwana sha ɗayanmu na gardama, na ƙirga mako biyar ɗin da na yi ina wuce teburin nan.

Katin ya ɗauki tiyatar, da gado na kwana takwas, da gwaje-gwaje, da wanki. Na gode, kuma da gaske nake. Amma sau uku ana ce mana wani maganin babu shi a ɗakin magani, mu je waje mu saya, kuma takalmin da likita ya ce ta riƙa sawa ba ya cikin tsarin. Layi kuma yana nan yadda yake, kati ba ya rage shi. Duk lokacin da aka ce babu, nakan koma teburin Malam Bello in sa a rubuta, har ya san takuna. Abin da yake haƙƙi ba a karɓar sa da sunkuyar da kai.

Don haka mai tsoho a gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ɗauko katinsa tun yana cin tuwonsa lafiya, ka duba shekarun da aka rubuta, ka tambaye shi yadda aka yi aka samo su. Ka je teburin inshora ka tambayi shekarun da ake karɓa a wurinku da lokacin rajista, don kowane wuri da nasa tsarin. In uwarka irin tawa ce, ka tambaye ta wa ta ce shi ne ɗanta na fari.

Takardar rantsuwar tana wurina, asalin, na ba ofis kwafi. Sani ya ce in kawo ya ajiye a shagonsa tare da sauran takardun gida, na ce ya zo ya karɓa in ya isa. A wurin Inna kuwa, tun a cikin keke, a hanyar dawowa daga kotu, na koma "waccan ta Tudun Jukun". Rannan ina shirin wanke mata ƙafar da safe, na ga tana cikin raha, sai na ce, "Inna, wane suna ne ma kika faɗa a gaban magatakarda? Fankar nan ta hana ni ji sosai."

Ta kalli bango ta ce, "Kotu ce ta tambaya. Ke kotu ce?"

Sannan ta miƙo mini ƙafar, na ɗora ta a cinyata na fara kwance bandejin.